Tsara Guzurin Tashin Linux da Matse Shi: Darasi Domin Ɗakunan Kwamfuta na Makarantun Dandamisa da Kewayenta

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wani ɗan ƙaramin sashe na aikin kwamfuta wanda mai amfani da ita ba ya ganinsa, amma in ya sami tangarɗa na'urar ba za ta tashi ba ko kaɗan. Wannan sashe shi ne tarin fayilolin da ake loda wa kwamfuta tare da ƙwayar Linux a daƙiƙun farko na kunna ta, wanda masana fannin suke kira initramfs. Za mu duba dalilin samuwarsa, da yadda ake tsara shi, da kuma hanyoyin matse shi, sa'an nan mu auna abin da ya fi dacewa da irin na'urorin da ake samu a makarantun karkara, kamar na gundumar Dandamisa a ƙaramar hukumar Makarfi, da maƙwabtanta na Ikara da Kudan.

Mai sauraro yana iya tambaya, ina ruwan malamin makaranta da wannan zurfin? Amsa ita ce, tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga manyan makarantu kan kwamfuta baki ɗaya. Saboda haka yaron da ya gama sakandare a Dandamisa ko Gazara ko Hunkuyi dole ne ya zauna gaban na'ura kamar takwaransa na birnin Kaduna, ko ya taɓa riƙe ta ko bai taɓa ba. Har ila yau, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020, ya kuma rufe tallafin Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali Windows 11 tana neman abubuwan da tsofaffin na'urori ba su da su. Makarantar da ba ta da halin sayen sababbi, hanyar da ta fi mata sauƙi ita ce ta raya tsofaffin da Linux, wadda kyauta ake samun ta. To, a nan ne sanin wannan sashe yake zama wajibi, domin tsohuwar na'ura mai ƙaramar ƙwaƙwalwa a wannan mataki ta fi yin tuntuɓe.

Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, rage kayan da ake zubawa a cikin wannan tari ya fi zaɓen hanyar matse shi muhimmanci, kuma ita hanyar matsewar ana zaɓen ta ne bisa ga raunin na'urar da ke gaban mutum.

2.0 MA'ANAR WASU KALMOMI

Tun da yake fannin bai daɗe da shigowa Hausa ba, ya kyautu mu daidaita a kan kalmomin da za mu yi amfani da su.

(a) Ƙwaya: ita ce tsakiyar babbar manhaja, wadda ke raba wa sauran manhajoji lokaci da wuri, kuma ita ke magana da ƙarafan na'ura kai tsaye. Linus Torvalds ya fara rubuta ƙwayar Linux a birnin Helsinki na ƙasar Finlan a 1991.

(b) Ƙwaƙwalwar aiki: ita ce RAM, watau wurin da na'ura ke shimfiɗa abin da take aiki a kansa. Da an ɗauke wuta, duk abin da ke cikinta ya tafi.

(c) Faifai: ma'ajin dindindin inda fayiloli ke zaune ko da an kashe na'ura.

(d) Direba: ƙaramar manhaja da ke koya wa ƙwaya yadda za ta sarrafa wani ƙarfe, kamar faifai ko katin sadarwa. Ana iya gina direba a jikin ƙwaya, ana kuma iya ajiye shi daban a matsayin gutsure da za a ɗauko in bukata ta taso.

(e) Tushen fayiloli: babbar jakar da duk sauran jakunkuna suka rataya a jikinta, wadda ake nunawa da alamar /.

(f) Guzurin tashi: wannan shi ne sunan da muka zaɓa wa initramfs. Dalili kuwa, matafiyi yakan riƙe ɗan abin da zai kai shi masauki ne kurum, in ya isa sai ya ci abincin gida. Haka wannan tarin fayiloli yake, aikinsa ya kai ƙwaya ga tushen fayiloli na ainihi, daga nan a share shi.

3.0 MATSALAR DA TA HAIFI GUZURIN TASHI

Idan aka danna makunni, abin da ke fara aiki shi ne manhajar da aka dasa a jikin allon na'urar tun daga masana'anta, watau BIOS a tsofaffin na'urori ko UEFI a sababbi. Ita za ta nemo manhajar tayarwa, wadda a yawancin Linux GRUB ce. GRUB kuma sai ta karanto ƙwaya daga jakar /boot ta zuba ta a ƙwaƙwalwar aiki, ta miƙa mata ragama.

A nan ne ƙulli yake. GRUB ta iya karanta faifai ne da taimakon BIOS ko UEFI, amma ƙwaya da zarar ta karɓi ragama ba ta ƙara bi ta wannan hanya, da direbobinta take aiki. To, direban faifan yana ina? Yana cikin faifan da ake son buɗewa. Watau mabuɗin ɗaki yana kulle a cikin ɗakin.

Akwai mafita biyu. Ta farko ita ce a gina dukkan direbobi a jikin ƙwaya. Wannan yana yiwuwa ga wanda ya san na'ura ɗaya tak zai tayar, amma masu rarraba Linux irin su Debian da Fedora ƙwaya ɗaya suke ginawa domin dubban nau'o'in na'urori, in suka cusa mata kome za ta yi girman da ba shi da amfani. Bugu da ƙari, wani lokaci isa ga tushen fayiloli ya wuce batun direba: ana iya kulle faifan da kalmar sirri, ko a haɗa faifai da yawa su zama ɗaya, ko kuwa tushen yana kan wata na'ura dabam sai an bi ta waya. Irin waɗannan ayyuka manhajoji ne na waje ke yin su. Mafita ta biyu, wadda aka fi bi, ita ce GRUB ta lodo wani fayil na biyu tare da ƙwaya, mai ɗauke da direbobi da manhajojin da ake bukata. Ƙwaya sai ta warware shi a cikin ƙwaƙwalwar aiki, ta nemi fayil mai suna /init a ciki, ta tayar da shi a matsayin aiki na farko. Shi /init zai ɗora direbobi, ya gano faifan da ya dace, ya jona tushen ainihi, kana ya kira switch_root, wadda ke share kayan guzurin domin a sami wuri, ta miƙa aiki ga manhajar farko ta tsarin ainihi.

4.0 TAƘAITACCEN TARIHI

Siffar farko ta wannan dabara ita ce initrd, wadda Werner Almesberger da Hans Lermen suka shigar cikin Linux a 1996. A wancan tsari, ana yanke wani yanki na ƙwaƙwalwar aiki a mai da shi kamar faifai, a shimfiɗa masa tsarin fayiloli cikakke irin ext2. Wannan yana da illoli. Girman faifan ƙayyadadde ne, ko ya yi kaɗan ko ya yi yawa. Dole ne kuma a gina direban wannan tsarin fayiloli a jikin ƙwaya. Daɗin daɗawa, duk fayil da aka karanta sai ƙwaya ta sake kwafe shi zuwa wani wuri a cikin ƙwaƙwalwar, ya zama abu ɗaya ya ci wuri biyu.

An shigar da initramfs a 2002, lokacin da ake gwajin jerin 2.5, ya kuma zama ruwan dare da fitowar jerin 2.6 a watan Disamba na 2003. A sabon tsarin babu faifan kwaikwayo. Guzurin ƙunshi ne kawai na nau'in cpio, wanda ƙwaya ke zazzage shi kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa, wurin ya faɗaɗa ko ya tsuke daidai da abin da ke ciki. An zaɓi cpio ne saboda sauƙin fasalinsa, ta yadda 'yar ƙaramar manhaja a cikin ƙwaya ta isa ta karanta shi. Rob Landley ya rubuta cikakken bayanin tsarin a 2005. Ya kamata a lura cewa har yanzu Debian tana kiran fayil ɗin initrd.img, amma suna ne kawai ya rage, abin da ke ciki initramfs ne.

5.0 TSARA GUZURI

5.1 Ɓangaren ƙwaya

Wanda zai gina ƙwaya da kansa dole ne ya kunna zaɓin CONFIG_BLK_DEV_INITRD, in ba haka ba ƙwayar ba za ta ko kalli guzurin da aka miƙo mata ba. Bayan wannan akwai hanya biyu. Ana iya barin guzurin a matsayin fayil dabam wanda GRUB za ta lodo, ana kuma iya dasa shi a jikin ƙwaya ta hanyar rubuta sunan jaka, ko na ƙunshin cpio, ko na fayil mai jerin kaya, a zaɓin CONFIG_INITRAMFS_SOURCE. Dasawa ta fi dacewa da ƙananan na'urori masu aiki ɗaya, domin fayil guda ake kula da shi. Illarta ita ce duk ɗan gyaran da za a yi sai an sake harhaɗa ƙwayar. Ga makaranta, fayil na dabam ya fi sauƙin sarrafawa. In an haɗa hanyoyin biyu, na jikin ƙwaya ake fara zazzagewa, na waje ya hau kansa.

5.2 Abin da ba makawa sai da shi

Mafi ƙarancin guzuri yana bukatar /init wanda aka ba izinin gudana, da jakunkunan /dev da /proc da /sys, da ƙofar /dev/console wadda saƙonni ke fitowa ta cikinta, sai kuma manhajojin da /init zai kira. Yawanci BusyBox ke ɗauke wannan nauyi. Bruce Perens ne ya fara rubuta ta a tsakiyar shekarun 1990 domin a sami tsarin da zai shiga cikin faifan fulofi guda mai ɗaukar megabayit 1.44. Fayil ɗaya ce, amma tana amsa sunayen umarni masu yawa. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su kwafi manhaja su bar ɗakunan karatunta, watau fayilolin taimako da take dogara da su, sai ƙwaya ta ce ba ta sami abin tayarwa ba alhali fayil ɗin yana nan. Maganinsa a yi amfani da BusyBox wadda aka gina ta da kome a jikinta. In an gama shirya jakar, ga umarnin ƙunshe ta:

find . | cpio -o -H newc | gzip -9 > ../guzuri.cpio.gz

Kalmar newc wajibi ce, domin ƙwaya ba ta karanta tsofaffin fasalolin cpio.

5.3 Manhajojin da ke gina guzuri

A aikin yau da kullum ba a gina guzuri da hannu. Debian tana da initramfs-tools, Fedora tana da dracut tun 2009, Arch kuma tana da mkinitcpio. A Debian, fayil ɗin /etc/initramfs-tools/initramfs.conf yana da layi biyu da suka fi shafarmu, MODULES da COMPRESS. In aka bar MODULES=most, za a zuba direbobin faifai da na sadarwa da na sauran ƙarafa masu ɗimbin yawa, ko na'urar tana da su ko ba ta da su. In aka mai da shi MODULES=dep, sai manhajar ta duba na'urar da take kai ta ɗauki abin da ya shafe ta kurum. A dracut, zaɓin --hostonly ke yin wannan aiki. Bayan gyara sai a ba da umarnin update-initramfs -u, a kuma duba abin da ya shiga da lsinitramfs. Wanda ya duba zai tarar cewa gutsattsarin direbobi da fayilolin da katunan hoto na AMD da Nvidia ke bukata su ne sukan cinye mafi yawan wurin.

6.0 MATSE GUZURI

6.1 Wane irin matsi?

Manomin tumatir a Kudan in ya shanya amfaninsa ya yi kauɗa, kayan sun ragu ƙwarai, amma ko an jiƙa su ba za su koma ɗanye ba. Ita kuwa auduga da ake dannewa a ɗaure ta dami a injin gurza, in an kwance ta ba zare ɗaya da ya ɓace. Matsin hoto da na sauti yakan zama irin na kauɗa. Matsin manhaja kuwa dole ya zama irin na auduga, domin in ɗigo ɗaya ya sauya, direba ba zai yi aiki ba.

Yawancin hanyoyin da ƙwaya ta sani sun ginu ne a kan dabarar da Abraham Lempel da Jacob Ziv suka wallafa a 1977. In wani jerin haruffa ya maimaitu, maimakon a sake rubuta shi sai a sa 'yar alama mai cewa a koma baya kaza a kwafo kaza. Nisan da ake iya komawa baya shi ake kira taga. In taga ta faɗaɗa, ana samun ƙarin maimaici, fayil ya ƙara tsukewa, amma mai warwarewa yana bukatar ƙarin ƙwaƙwalwa domin ya riƙe tagar. Wasu hanyoyin sukan ƙara mataki na biyu, inda ake ba alamomin da suka fi yawan fitowa gajerun lambobi, bisa ga dabarar David Huffman ta 1952 ko makamanciyarta. Wannan mataki yana rage girma, yana kuma ƙara lokacin warwarewa.

6.2 Hanyoyi bakwai

(a) gzip: Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar da ita a 1992. Tagarta kilobayit 32 ce. Matsakaiciya ce a girma da sauri, kuma da wuya a sami ƙwayar da ba ta san ta ba.

(b) bzip2: ta Julian Seward ce, daga 1996. Ta bi wata dabara dabam, kuma ita ce mafi nawa wajen warwarewa. Ta shiga ƙwaya a 2009.

(c) LZMA: ta Igor Pavlov, ita ma ta shiga a 2009. Tana matsewa sosai.

(d) LZO: ta Markus Oberhumer, ta shiga a 2010. Tana da saurin warwarewa, matsinta kaɗan ne.

(e) XZ: magajiyar LZMA, ta shiga a 2011. Tana cikin masu fitar da mafi ƙanƙantar fayil, amma warwarewarta tana da nauyi.

(f) LZ4: ta Yann Collet, ta shiga a 2013. Ita ce mafi saurin warwarewa, fayil ɗinta kuma ya fi girma.

(g) zstd: ita ma Yann Collet ya ƙirƙiro ta a kamfanin Facebook, ta shiga ƙwaya ta 5.9 a 2020. Girman fayil ɗinta yana kusantar na XZ in an ɗaga mataki, saurin warwarewarta kuwa ya zarce na gzip nesa ba kusa ba, kuma ɗaga matakin matsi bai cika rage wannan sauri ba.

6.3 Tarkuna huɗu

Na farko, ƙwaya tana gane irin matsin ne daga bayit na farkon fayil, sa'an nan ta nemi mai warware shi a jikinta. In ba a kunna zaɓin da ya dace ba, kamar CONFIG_RD_XZ ko CONFIG_RD_ZSTD, ba za ta iya buɗe guzurin ba, abin da zai biyo baya kuwa shi ne tsayawa cik da saƙon cewa an kasa jona tushen fayiloli. Saboda haka duk ƙwayar da ta girmi 5.9 kada a miƙa mata zstd, sai in masu rarraba ta sun ƙara mata wannan dama da kansu.

Na biyu, mai warware XZ na cikin ƙwaya bai san lissafin tantancewar da manhajar xz ta saba sakawa ba, don haka sai an rubuta --check=crc32. Haka nan LZ4 sai an ba ta zaɓin -l domin ta fitar da tsohon fasalin da ƙwaya ta iya karantawa.

Na uku, matakin xz -9 yana amfani da taga mai megabayit 64, wanda dole a ware mata a lokacin tashi. Masu gina ƙwaya da kansu megabayit 1 suka ƙayyade wa guzurin da ake dasawa a jikinta, wannan kuwa ishara ce ga mai ƙaramar na'ura.

Na huɗu, matse abin da aka riga aka matse ba ya ƙara kome sai ɓata lokaci. In an dasa guzuri a jikin ƙwayar da ita ma za a matse ta, ana iya barinsa ba matsi. Haka kuma gyaran da Intel da AMD ke fitarwa domin furosesa, ana sa shi ne a wani ɗan ƙunshin cpio marar matsi a goshin fayil, saboda ƙwaya tana bukatarsa tun kafin ta kai ga warware sauran. Wannan ne ya sa wanda ya buɗe initrd.img da cpio kai tsaye yakan ga fayil ɗaya ko biyu kawai, ya zaci guzurin fanko ne.

7.0 ZAƁI GA MAKARANTUNMU

Lokacin da guzuri ke ci kashi biyu ne, lokacin karanto shi da lokacin warware shi. Matsi mai tsanani yana rage na farko ya ƙara na biyu. Don haka tambayar da malami zai yi ita ce, a wannan na'ura wanne ne ya fi rauni, hanyar karatu, ko furosesa, ko ƙwaƙwalwa?

Idan na'ura daga faifanta take tashi, gwajin da Colin Ian King na kamfanin Canonical ya yi a 2019 ya nuna cewa saurin warwarewar LZ4 yana rama lokacin da girmanta ya ci, ko da a kan faifai mai nawa. Sakamakon wannan ne Ubuntu 19.10 ta koma LZ4, kafin daga baya ta ɗauki zstd. Debian 12, wadda ta fito a 2023, ita ma zstd ta sa a gaba.

Lissafin yana juyawa in ana tayar da na'urori ta waya daga uwar garke guda, kamar yadda shirin LTSP, wanda Jim McQuillan ya kafa a 1999, ya tsara. Wannan tsari yana da amfani ga ɗakin da faifan na'urorinsa suka mutu. Mu ɗauka, alal misali, ɗaki yana da na'ura 40, wayar uwar garke kuma mai megabit 100 ce, watau ba ta wuce megabayit 12.5 a daƙiƙa. In guzurin megabayit 60 ne, jimillar abin da za a tura 2,400 ne, wanda ba zai ci ƙasa da daƙiƙa 192 ba. In an rage shi zuwa 15, jimilla 600 ke nan, daƙiƙa 48. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma ake sake kunna ɗaki duk lokacin da aka koma kan janareta, wannan bambanci yana fita ne daga mintunan darasi da kuma kuɗin mai. A lura kuma, sauya hanyar matsi ita kaɗai ba za ta mai da 60 ta zama 15 ba. Cire direbobin da ba a bukata ne zai iya yin haka.

Batun ƙwaƙwalwa shi ya fi haɗari. A lokacin warwarewa, matsattsen fayil da warwararren duk suna zaune a ƙwaƙwalwa lokaci guda, ga kuma ita ƙwayar da tagar mai warwarewa. Mu ɗauka na'ura tana da megabayit 256, guzurinta 60 a matse, 180 a warware. An riga an kai 240 kafin a ƙidaya ƙwaya. Irin wannan na'ura lafiyarta ƙalau, amma za a yanke mata hukuncin mutuwa a jefa ta sito, alhali gyaran layi ɗaya ya isa ya tashe ta.

Sai dai rage guzuri yana da nasa haɗarin, kuma ya shafi makarantunmu kai tsaye. Ɗakin kwamfuta na karkara ba kasafai ake samun na'urorinsa iri ɗaya ba, domin wasu gudummawa ce, wasu kuma na hannu ne aka sayo a lokuta dabam-dabam. Malami yakan shirya na'ura ɗaya ya kwafe faifanta zuwa sauran. In ya gina guzurin da MODULES=dep kafin ya kwafa, duk na'urar da ƙarfen faifanta ya bambanta ba za ta tashi ba. Tsarin da ya dace shi ne a kwafa da cikakken guzuri, sa'an nan a rage shi a kan kowace na'ura bayan ta tashi, a kuma bar cikakken a jerin zaɓin GRUB domin ranar da aka sauya wani ƙarfe. Manhajar mkinitcpio ta daɗe da sanin wannan dabara ta gina guzuri biyu, ƙarami da na ko-ta-kwana. Wajibi ne kuma a san cewa Debian 13, wadda ta fito a Agusta 2025, ba ta da ƙwaya domin na'urori masu bit 32 na zuriyar Intel, saboda haka irin waɗannan a Debian 12 za su tsaya.

8.0 KAMMALAWA DA SHAWARWARI

Mun ga cewa guzurin tashi ya samu ne domin ƙwaya ba ta iya buɗe faifan da direbanta ke ciki, mun kuma ga cewa girmansa yana taɓa lokaci da ƙwaƙwalwa. Bisa ga haka muna ba da waɗannan shawarwari.

(1) Kafin a taɓa layin COMPRESS, a fara duba abin da ke cikin guzuri a cire wanda ba a bukata.

(2) Ga ƙwaya ta 5.9 zuwa sama, a ɗauki zstd. Ga wadda ta girme ta, a ɗauki LZ4 in furosesa ce mai rauni, ko XZ mai ƙaramar taga in wuri ko waya ne matsala, ko gzip in ana shakka.

(3) Kada a goge tsohuwar ƙwaya da guzurinta sai sabuwar ta tashi an gani, kuma kada a sake gina guzuri sai na'ura tana kan wutar da ba za ta yanke ba.

(4) Kwalejojin ilmi su sa ɗaliban nazarin kwamfuta su gina guzuri da hannu ko da sau ɗaya, da BusyBox da cpio, su auna girmansa da lokacin tashinsa a kan hanyoyin matsi uku ko huɗu. Darasi ne da ba ya bukatar sayen kome, kuma Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi ta Ƙasa tana iya duba shigar da shi cikin ayyukan gwaji.

(5) Sassan kwamfuta na manyan makarantun Zariya, kamar Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, suna kusa da Makarfi da Ikara da Kudan. Ya kyautu ɗalibansu masu aikin binciken ƙarshe su auna waɗannan hanyoyi a kan na'urorin da ke makarantun yankin, su rubuta sakamakon da Hausa, domin malamin da aka tura Dandamisa ya sami alƙaluman da suka fito daga irin na'urar da ke ɗakinsa.